Awon Kogi da Kiyaye Rai a Ruwa Mai Gudu

Abu biyu masana ke aunawa a jikin kogi: tsayin da ruwa ya kai, da yawan ruwan da ke wucewa ta wuri guda cikin daƙiƙa ɗaya. Na farkon kowa na iya gani da idonsa in ya tsaya a bakin gaɓa. Na biyun sai an yi lissafi, kuma shi ne ke kifar da kwale-kwale, ya cinye gonar shinkafa, ya tsinka gada. Duk gargaɗin ambaliyar da ake ji a rediyo cikin Agusta da Satumba daga waɗannan lambobi biyu yake fitowa.

Ma'aunin tsayi falle ne na ƙarfe da aka zana wa lambobi santimita bayan santimita. Akan manna shi a ƙafar gada, ko a kakkafa guda-guda a kan gaɓa, kowane sama da ɗan'uwansa, in ruwa ya shanye na ƙasa sai a koma karanta na gaba. Akan ɗauki wani mutumin garin ya riƙa zuwa safe da yamma yana rubuta lambar da ruwa ya taɓa. A manyan tashoshi yanzu akwai na'urori masu yin aikin da kansu. Wata a cikin ruwa take tana auna nauyin ruwan da ke bisanta, wata a rataye ƙarƙashin gada tana harba sigina zuwa fuskar ruwa, sannan su aika da sakamako ta layin waya ko tauraron ɗan'adam. Duk da haka ba a yar da fallen ƙarfen ba. Na'ura takan lalace, batir kan mutu, ɓarawo kan ɗauke farantin sola, kuma ko lafiyarta lau da fallen ake gwada gaskiyarta.

Lambar da ke jikin ma'auni ba zurfin kogi ba ce. Sifirin kowane ma'auni wuri ne da injiniyoyi suka zaɓa ranar da suka kafa shi, kowace tasha kuma da nata. Mita 6 a Yamai na nufin saura ƙiris a shiga mataki mafi tsanani na gargaɗi. Mita 6 a Lakwaja kuwa da sauran tafiya kafin a fara zancen ambaliya. Lamba ba ta da amfani sai an san tashar da aka karanta ta, da abin da ya faru a wancan wuri lokacin da ruwa ya taɓa kaiwa nan.

Yawan ruwan da ke wucewa kuwa da kubik mita ake lissafa shi. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ne, wato jarka 40 masu cin lita 25, nauyinsa tan guda cif. Ana samunsa ne ta ninka faɗin kogi da zurfinsa da saurin gudunsa. Masu aikin a da sukan shiga jirgi ko su tsaya kan gada su zura wata 'yar farfela a igiya, su ƙirga juyinta a wurare da yawa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Yau an fi jan wata na'ura a gefen jirgi, wadda ke aika sauti cikin ruwa ta auna gudu da zurfi lokaci guda. Mutumin ƙauye ma na iya yin nasa kimanin a kan ƙorama: ya auna mita 20 a gefen ruwa, ya jefa guntun kara a tsakiya, ya duba agogo. In karan ya ci tazarar cikin daƙiƙa 40, ruwan sama na gudun rabin mita a daƙiƙa. Sai ya rage kusan kashi ɗaya cikin biyar, domin ruwan ƙasa na gogar yashi da duwatsu, bai kai na sama sauri ba.

Ba kullum za a fita da jirgi a yi wannan awo ba. Ana yin sa ne a lokuta dabam-dabam na shekara, da rani da kaka da tsakiyar damina, a haɗa jadawalin da ke nuna cewa in ma'auni ya kai kaza, ruwan da ke wucewa kaza ne. A cikin jadawalin nan ne abin da ya fi shafar mai shiga ruwa yake. Tsayi da yawa ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. Kogi in ya ƙara tsayi yana ƙara faɗi, yana kuma ƙara sauri, don haka rabin mitar da ya ƙaru a kan kogin da ya riga ya cika ya ninka rabin mitar farkon damina sau da yawa. Ƙarfin turin ruwa kuma ya fi saurinsa hauhawa: gudu in ya ninku biyu, turi ya ninku huɗu, in ya ninku uku, turi ya ninku tara. Shi ya sa mashigin da aka ratsa jiya ruwa iya gwiwa yakan kayar da ƙato yau, alhali a ido bai ƙaru da fiye da taƙi ɗaya ba.

Jadawalin ma yakan tsufa. Yashi in ya cike gadon kogi, ruwan da a da yake wucewa salin-alin sai ya haura gaɓa. Wannan matsala ce sananniya a Yamai, inda koramu ke kwaso yashi daga filayen da aka sare wa itatuwa suna jibgewa cikin kogi. Tashar da aka daɗe ba a sake auna ta ba tana iya ba da lamba daidai amma lissafinta ya zama ƙarya.

Tafiyar ruwa daga Gini zuwa Lakwaja

Kogin Kwara, wanda ake kuma kira Neja, tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,200. Yana tasowa daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali, ya bi ta kusa da Tumbutu da Gao, ya shigo Nijar, ya bi iyakar Benin, sannan ya faɗo Nijeriya ta jihar Kebbi. Yana cika sau biyu a shekara, kuma wanda bai san haka ba kogin zai yi masa ba-zata. Cikar farko ta damina ce, daga Agusta zuwa Oktoba, ruwan sama ne na kusa. A Yamai koguna irin su Sirba da Dargol da Gorouol ne ke kawo shi daga wajen Burkina Faso, jajawur da laka, yana kuma tashi cikin 'yan kwanaki. Cika ta biyu ruwan Gini ne. Shi yakan bazu a makekiyar fadamar da ke tsakiyar Mali, ya kwashe watanni yana tsiyaya, lakarsa ta kwanta, ba ya isowa Yamai da tafkin Kainji sai cikin hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Ruwan da aka yi a Gini a Agusta shi ke tasar da kogi a Yawuri lokacin da ake jin ɗumi da wuta, babu ko gizagizai a sama.

Ƙasashe tara da ke raba kogin da rassansa suna da hukuma ɗaya mai hedikwata a Yamai, wadda aka kafa a 1980 a madadin wata ta 1964. Ita ke tattara lambobin tashoshi tana fitar da rahoto. A tashar Yamai matakan gargaɗi uku ne: rawaya a santimita 530, ruwan goro a 580, ja a 620. A watan Satumba na 2020 ma'aunin ya kai 700, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara awo a wurin, katangar ƙasa da ke kare unguwannin ƙetaren kogi ta fashe, ruwa ya shiga gidaje. Wannan kogin dai shi ne wanda ya tsaya cik a Yamai a watan Yuni na 1985, a shekarun fari.

A Nijeriya hukumar NIHSA ce ke da alhakin awon. Tana duba shigowar Kwara a tashar Jidere Bode ta jihar Kebbi, shigowar Binuwai a Wuro Boki ta jihar Adamawa, sai Makurɗi, sai Lakwaja inda kogunan biyu suka haɗu. Kowace shekara kafin damina takan fitar da hasashen da ke lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Lakwaja ce tashar da aka fi zuba wa ido. A ƙarshen Satumba na 2012 ma'auninta ya kai mita 12.84, ruwan da ke wucewa ya haura kubik mita 30,000 a daƙiƙa; hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta ƙidaya mutum 363 da suka rasu a ambaliyar shekarar, fiye da miliyan biyu suka bar gidajensu. A Oktoba na 2022 ya kai mita 13.22, mamata suka haura 600. Tazarar shekarun biyu a jikin ma'auni santimita 38 ce kacal.

Madatsun ruwa sun sa dole a ƙara sa ido. Kainji da aka gama a 1968, da Jebba da ke ƙasa da ita, da Shiroro a kan kogin Kaduna, suna riƙe ruwa ne don samar da lantarki, kuma in tafki ya cika babu zaɓi sai buɗe ƙofofi, in ba haka ba madatsar kanta ce za ta shiga haɗari. A Kamaru akwai Lagdo, kusa da Garwa, wadda aka gama a 1982, ruwan da ta saki kuma ta Yola da Makurɗi yake bi. An daɗe ana zancen gina madatsar Dasin Hausa a Adamawa don ta tare shi, har yau ba a gina ba. Sai dai ɗora wa Lagdo laifin kowace ambaliya rabin gaskiya ne, domin Binuwai na karɓar ruwa mai yawa a cikin Nijeriya daga Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala. Abin da ya bambanta ruwan madatsa shi ne an san ranar da aka sake shi, yana kuma cin kwanaki a hanya. Mutuwar da ta biyo bayan irin wannan saki yawanci gazawar isar da saƙo ce.

Ƙananan koguna da koramu labarinsu dabam, don akasarinsu ba su da ma'auni ko ɗaya. Ruwan da aka tafka a tudu da nisa yakan iso gari cikin sa'o'i, wani lokaci ba a yi ko yayyafi a garin ba. Ambaliyar Mokwa ta ƙarshen Mayu 2025, wadda ta hallaka fiye da mutum 150, cikin dare ta taru, kafin gari ya gama wayewa ta riga ta yi ɓarnarta. A irin waɗannan wurare alamomin gargajiya ne ma'auni: ruwa ya sauya launi ya yi ja, ya fara kawo kumfa da karare da rassa, ko a ji ruri daga sama. Duk wanda ke wanki ko ɗibar yashi ko shayar da dabbobi a gadon ƙorama, in ya ga ɗaya daga cikinsu, tudu zai nufa kai tsaye, ba bin gadon ƙoramar da gudu ba.

Halin ruwa mai gudu

Ruwa ba ya gudu bai ɗaya a faɗin kogi. Inda kogi ya miƙe, tsakiya ce ta fi sauri. A kwana, ruwa na bugun gaɓar waje, can ne ya fi zurfi da ƙarfi, yana kuma rarake ƙasa ta ƙasa har gaɓar ta rufta da wanda ke tsaye a kanta. Bayan dutse ko ƙafar gada ruwa na juyowa baya, kuma a layin da mai juyowa ya haɗu da mai wucewa ne ƙaramin kwale-kwale ya fi saurin kifewa. Bishiyar da ta faɗa kogi ta fi duka muni: ruwa na ratsa rassanta ya wuce, mutum ba ya wucewa, sai turi ya danne shi a jikinsu ya yi ƙasa da shi. Haka ƙasan ƙaramar madatsa ko gadar da ruwa ke malalowa ta kanta, inda ruwan da ya zubo ke naɗewa yana komowa, ya riƙe duk abin da ya faɗa ciki yana juya shi.

Alƙaluman da masu aikin ceto ke amfani da su ƙanana ne ƙwarai. Ruwa mai gudu na santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, na iya kayar da babban mutum. Santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa na tafiya da yawancin motoci har da manya. Direba ko ɗan acaɓa da ya tarar ruwa ya haye kwalbati bai san ko kwaltar na nan a ƙasa ko ta zaizaye ba. Ganin wani ya wuce lafiya minti goma da suka shige ba hujja ba ce, domin ruwan da ke tashi ba ya tsayawa yadda aka bar shi.

Wanda ruwa ya ɗauka, abin da ransa ke fara raya masa shi ne ya miƙe tsaye ko ya yi iyo ya koma inda ya faɗa, kuma duka biyun kuskure ne. Ƙafar da ta maƙale tsakanin duwatsu ko saiwoyi, ruwa zai kifa mai ita ta fuska ya riƙe shi ko da zurfin bai wuce ƙugu ba. Abin yi shi ne ya kwanta rigingine, ƙafafu na gaba wajen da ruwa ya nufa, yatsu a sama, ya huta ya duba hanya. In ya hango gaɓa mai sauƙin fita sai ya juya ya yi iyo a karkace, yana barin ruwa na tafiya da shi yana matsawa gefe, ko da zai fita nesa da gari. Babbar riga da zane da dogon hijabi suna naɗe hannu da ƙafa, goyo kuma na hana uwa motsi. Wannan na cikin dalilan da suka sa mata da yara suka fi yawa a jerin mamatan hatsarin jirgi, ban da cewa su ne ba a cika koya wa iyo ba.

Hausawa na cewa iya ruwa fid da kai, kuma a maganar ceto haka abin yake. Wanda ke nutsewa zai damƙe duk wanda ya matso, su tafi tare. An fi so mai ceto ya tsaya a gaɓa ya miƙa gora ko doguwar sanda, ko ya jefa igiya, ko wani abu mai yawo a kan ruwa. Jarkar lita 25 da babu komai ciki, in an ɗaure murfinta tamau, tana riƙe babban mutum, kamar yadda gora ke riƙe masuntan Argungu a Matan Fada. Igiya a hannu ake riƙe ta. Ba a ɗaura ta a ƙugun kowa, don in ta miƙe turin ruwa zai dulmiya wanda aka ɗaure, ba kuma zai iya kwancewa ba. Wanda aka tsamo ba ya numfashi, iska yake buƙata nan take: a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a busa masa iska ta baki, a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a busa sau 2, a ci gaba har taimako ya zo. Juya shi kai a ƙasa ko matsa cikinsa don ya amayar da ruwa ɓata lokaci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka nutse a 2021, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba.

Jiragen fito

Mutuwa mafi yawa lokaci guda a jiragen fito take aukuwa. A watan Mayu na 2021 wani jirgin katako da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a jihar Kebbi ya dare a tsakiyar ruwa da mutum fiye da 150, waɗanda aka ceto ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. A Nuwamba na shekarar wani ya kife a Bagwai ta jihar Kano, akasarin mamatan ɗaliban Islamiyya ne da za su Maulidi. A Yuni na 2023, a yankin Patigi na jihar Kwara, fiye da mutum 100 da ke dawowa daga biki suka rasu kafin asuba. Dalilan kusan iri ɗaya ne kowane lokaci: lodi fiye da kima, tsohon katako, tafiyar dare, da rashin rigar ruwa.

Lodi na da ma'auninsa da kowane fasinja zai iya dubawa tun yana tudu, wato tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa. In an jera buhuna da babura da tumaki har tazarar ta koma faɗin tafin hannu, igiyar ruwa ɗaya ko zaburar mutane zuwa gefe guda ta isa. Da kogi ya cika haɗarin na ƙaruwa, domin inji in ya mutu ruwa zai juya jirgin ya ba shi gefe. Janyewar ruwa ma ba aminci ba ce. Itatuwan da tafkin Kainji ya shanye sun bar kututture, kuma lokacin da ruwa ya yi ƙasa ne suke zuwa dab da fuskarsa, inda matuƙi ba zai gan su da dare ba. Hatsarin Wara da na Patigi duk sun auku ne kafin damina ta kankama.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA, mai hedikwata a Lakwaja tun kafa ta a 1997, ta haramta tafiyar dare ta kuma wajabta sa rigar ruwa, an kuma sha raba rigunan a garuruwan bakin kogi. Matsalar ita ce tashoshin fito sun fi jami'ai yawa nesa ba kusa ba, mai jirgi kuma da yawan kai yake samun kuɗin mai. Rigar ma sai an ɗaure ta da kyau. Wadda aka rataya a wuya ko aka shimfiɗa aka zauna a kai, da an faɗa ruwa za ta yi nata wuri. Masu cewa kwana in ya ƙare riga ba ta hanawa sun manta malamai na koyar da cewa tawakkali tafe yake da riƙon sababi.

Gibin da ya fi girma yana tsakanin ofishin da ke da lamba da bakin ruwan da ake lodi. Sanarwar da ta ce Lakwaja ta kai mita 10 ba ta gaya wa matar da za ta kasuwar ƙetare ko ta shiga jirgi ko ta haƙura. Sarakunan ruwa da Sarkawa da tsofaffin matuƙa sun san dutsen da in ya nutse ba a fito, da bishiyar da in ruwa ya taɓa gindinta sai a kwashe kaya. Iliminsu bai shiga jadawalin hukuma ba, lambar hukuma kuma ba ta iso musu cikin harshen da za su yi aiki da ita ba. Kowace tashar fito na buƙatar turke mai jan fenti a tsayin da aka yarda a daina lodi, da gidan rediyon da zai riƙa faɗin awon kogi kullum da Hausa da Nufanci da Fulfulde da Zabarmanci, da mutum ɗaya da aka bai wa ikon cewa yau babu fito kuma maganarsa ta zauna. Turke da fenti da igiyar ceto gaba ɗaya kuɗinsu bai kai na injin jirgi guda ba.